Kama Da Wane Ba Ta Wane: Shaidun Kisan Kennedy Da Zancen Oswald Biyu

Ran Lahadi 4 ga watan Oktoba 1981, tun gari bai gama wayewa ba, ma'aikata suka shiga maƙabartar Rose Hill da ke birnin Fort Worth a Jihar Texas ta Amurka, suka tone wani kabari da ya yi kusan shekara 18 a rufe. Gawar da suka fitar ita ce ta Lee Harvey Oswald, mutumin da hukuma ta ce shi ya harbe Shugaba John Kennedy. Wanda ya jawo wannan aiki kuwa wani lauya ne na ƙasar Ingila, Mista Michael Eddowes, wanda ya yi shekaru yana rantsuwa cewa mutumin da ke kwance cikin ramin nan wani ɗan leƙen asirin Rasha ne mai kama da Oswald, da aka musanya su tun a can Rasha, aka turo shi Amurka ya yi kisa da sunan wani. Ya rubuta littafi a kan haka cikin 1977, ya shawo kan matar mamacin, Marina, ta ba da izini duk da ƙin yardar wan mamacin, ya kuma biya kuɗin tonon daga aljihunsa.

Likitoci 4 ƙarƙashin Dokta Linda Norton suka duba gawar a wani asibiti na Dallas. Suka gwada haƙoranta da hotunan haƙoran da aka ɗauki Oswald sa'ad da yake soja, watau tun kafin ya taka ƙasar Rasha, suka dace. Suka kuma sami gurbin wata tiyata da aka yi masa a ƙashin bayan kunnen hagu yana ɗan shekara 6. Kafin rana ta faɗi suka gaya wa 'yan jarida cewa Oswald ne ba wani ba, aka mai da shi kabarinsa. Mai hankali zai zaci zance ya ƙare a nan. Ina! Har yau ana buga littattafai a kan Oswald biyu, kuma da kamfanin Gallup ya ji ra'ayin Amurkawa cikin 2023, kashi 65 cikin ɗari suka ce ba mutum ɗaya ya ƙulla kisan ba.

Abin da ya raya wannan gardama shi ne shaidun gani da ido. Masu cewa Oswald shi kaɗai ne suna da nasu shaidu, masu cewa an yi masa sojan gona suna da nasu, kowane ɓangare kuma yana auna shaidun abokin gabarsa da mudun da ba zai yarda a auna nasa da shi ba. Wannan rashin adalci ya isa a duba shi, domin ya shafi duk wanda wata rana 'yancinsa zai rataya a kan yatsan wani mutum da ya nuna shi ya ce shi ne.

Asalin labarin sananne ne. Ran Jumma'a 22 ga Nuwamba 1963, da misalin ƙarfe 12:30 na rana, aka harbi Kennedy yana tafe cikin buɗaɗɗiyar mota a dandalin Dealey na birnin Dallas. Bayan kamar minti 45 aka bindige wani ɗan sanda mai suna Tippit a wata unguwa ta birnin. Kafin ƙarfe 2 an kama Oswald a gidan silima da libarba a jikinsa. Ɗan shekara 24 ne, tsohon soja, wanda ya gudu Rasha cikin 1959 ya komo da mata cikin 1962, yana aikin leburanci a wani siton littattafan makaranta da ke kallon dandalin. Bayan kwana 2 Jack Ruby, mai gidan rawa, ya harbe shi a hannun 'yan sanda, jama'a na kallo a telebijin. Saboda haka ba a taɓa yin shari'arsa ba, balle lauyansa ya tsare wani shaida da tambaya gaban alƙali. Hukumar da Shugaba Johnson ya naɗa ƙarƙashin Babban Joji Earl Warren ta karɓi bayanin mutum 552, ta fid da rahoto cikin Satumba 1964 cewa Oswald ne, kuma shi kaɗai.

Shaidun Hukuma

Mutum ɗaya tak ya ce ya ga fuskar Oswald a taga yana harbi, watau Mista Howard Brennan, mai aikin haɗa bututun ƙarfe, wanda ke zaune a kan wata 'yar katanga kamar yadi 40 daga tagar hawa na shida. Da dare aka jera masa mutane a ofishin 'yan sanda, ya ce Oswald ya fi kowa kama da wanda ya gani, amma ba zai iya rantsewa ba. Alhali kuwa kafin ya zo ya riga ya ga hoton Oswald a telebijin. Cikin Disamba ya gaya wa FBI ya tabbata shi ne, cikin Janairu ya koma ga shakkarsa ta farko, cikin Maris ya zo gaban hukuma ya ce ai tun daren farko ya gane shi, tsoro ne ya hana shi faɗa, domin ya zaci aikin 'yan gurguzu ne za su biyo iyalinsa. Wannan uzuri ba abin rainawa ba ne, wanda ya taɓa ba da shaida a garin da ba shi da kowa ya san irin wannan tsoro. Amma fa ya ce maharbin a tsaye yake, ga shi kuwa ƙasan tagar kaɗai ke buɗe, tilas mai harbi ya kasance a zaune ko a durƙushe. To, mutumin da aka hango rabin jikinsa daga ƙasa, ta yaya aka san tsawonsa? Ita kanta hukumar sai da ta yi taka-tsantsan, ta ce ba ta gina hukuncinta a kan tabbacin da ya zo da shi daga baya ba.

Ga Misis Helen Markham kuwa ba ta yi wannan taka-tsantsan ba. Ita ce mai kai abinci a wani gidan abinci, wadda ta ce a gabanta aka harbe Tippit. A gigice aka kai ta ofishin 'yan sanda, sai da aka shaƙa mata magani kafin ta iya tsayawa, ta nuna mutum na biyu cikin jeri, shi ne Oswald. Da ta zo gaban hukuma lauya ya yi ta tambayarta ko ta gane wani cikin mutanen da aka jera, ta yi ta cewa a'a, sai da ya ja ta da tambaya sa'an nan ta ce na biyu ta zaɓa, domin da ta dube shi tsigar jikinta ta tashi. Har ila yau ta ce ta daɗe tana yi wa Tippit magana yana kwance, alhali nan take ya cika. Duk da haka rahoton ya ce shaidarta abar dogara ce.

Shi jerin kansa abin kunya ne. Oswald na da rauni a goshi da kumburi a ido, yana cikin tufafin da suka sha kokawa, waɗanda aka tsayar kusa da shi kuwa wasu ma'aikatan 'yan sanda ne cikin shiga mai kyau. Direban tasi William Whaley, wanda aka kawo washegari, ya faɗa wa hukuma ƙarara cewa kowa ma zai iya nuna shi, domin shi kaɗai ke ta yi wa 'yan sanda faɗa yana cewa ba a yi masa adalci ba da aka jera shi da samari ƙanana. Wani mai suna Domingo Benavides, wanda ya fi kusan kowa kusa da inda Tippit ya faɗi, ya ce shi kam ba ya jin zai iya gane mutumin, don haka ba a kai shi jerin ba. A cikin su duka babu wanda ya fi shi sanin iyakar idonsa. A can dandalin kuma akwai Misis Jean Hill, wadda ke tsaye dab da motar, ta gaya wa 'yan jarida ta ga ɗan farin kare tsakanin Shugaba da matarsa. Babu kare cikin motar. Da shekaru suka tura labarinta ya yi ta ƙaruwa, har ya haɗa da maharbi a bayan shinge, masu zancen maƙarƙashiya kuma suka rungume ta kamar yadda hukuma ta rungumi Markham.

Ba lalle ne ko ɗaya daga cikinsu ya yi ƙarya da gangan ba. Gaskiyar mutum daban, kiyayewarsa daban. Malaman hadisi sun daɗe da gane haka, shi ya sa ba su tsaya ga adalcin mai ruwaya kaɗai ba sai sun binciki haddarsa, har sukan ajiye ruwayar mutumin kirki ba tare da sun kira shi maƙaryaci ba. Masu binciken zamani sun zo sun tarar da su a nan. Cikin 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun motocin sa'ad da suka bugi juna, wasu aka ce sa'ad da suka ragargaji juna. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin mutum 50 da aka ce wa ragargaza, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 da aka ce wa bugu, 7 kawai. Babu gilashi a fim ɗin. In kalma ɗaya tana iya wannan ɓarna, ina ga kwana uku na telebijin da jarida suna cusa fuska ɗaya a idon jama'a?

Ingila ta koyi wannan darasi da tsada. Adolf Beck baƙo ne a London, mutumin Norway. Mata sama da 10 suka rantse shi ne ya damfare su, aka ɗaure shi cikin 1896, aka sake kama shi cikin 1904, sai da aka cafke ainihin ɗan damfarar yana aikinsa Beck na tsare sa'an nan gaskiya ta fito. Wannan na daga cikin abin da ya sa aka kafa kotun ɗaukaka ƙarar masu laifi cikin 1907. Cikin 1976 kuma, a shari'ar Turnbull, aka ɗora wa alƙali ya yi gargaɗi cewa shaida mai gaskiya na iya kuskure, shaidu da yawa ma na iya yin kuskure ɗaya, ya kuma bincika tsawon lokacin da aka yi ana kallo, da nisa, da haske, da ko an san mutumin a da, da ko kamannin da aka faɗa wa 'yan sanda da farko sun dace da wanda aka kama. Kotunan Nijeriya suna kafa hujja da wannan shari'a.

Wanda ke neman abinci a Sabo ta Ibadan ko Agege ko Shagamu ko Fatakwal ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Ya san yadda a idon wasu 'yan gari duk mai doguwar riga da hula fuskarsa ɗaya ce, kamar yadda shi ma da farkon zuwansa ya riƙa rikita fuskokin masu masaukinsa, domin mutum ya fi kuskure wajen shaida irin fuskar da bai saba gani ba. In aka yi fashi da dare, washegari aka kama mai gadi ko mai shayi, aka tsayar da shi shi kaɗai da hula cikin mutanen gari, to an maimaita jerin Dallas. Tambayoyin Turnbull su ne ya kamata lauyansa da Sarkin Hausawan wurin su dage a yi, tun a ofishin 'yan sanda.

Oswald A Ko'ina

Da wannan mudu za a auna masu ganin Oswald na biyu. Wani shaihin falsafa, Richard Popkin, shi ya tattara labaransu cikin littafi a 1966, ya ce da gangan aka tura wani ya riƙa jawo hankali da sunan Oswald don a shafa masa kashin kaji. Akwai dillalin motoci Albert Bogard, wanda ya ce ran 9 ga Nuwamba wani Lee Oswald ya gwada sabuwar mota da gudun hauka, ya ce nan da 'yan makonni zai sami kuɗi. Oswald bai iya tuƙi ba, koyo yake yi, kuma a ranar yana gidan Misis Ruth Paine inda matarsa ke zaune. Takardar da Bogard ya ce ya rubuta sunan a kai ya yar da ita, wani abokin aikinsa kuma ya ce baƙon gajere ne, bai wuce ƙafa 5 ba, alhali Oswald ƙafa 5 ne da inci 9. Akwai kuma mutanen wani filin koyon harbi da suka ce sun gan shi yana harbin allon wani. Ɗaya daga cikinsu ya ce ya gyara masa madubin bindiga ran 28 ga Satumba, ranar da Oswald ke birnin Meksiko.

Masu zancen sojan gona sukan ce ai wannan saɓani shi ne hujjarsu: tun da ba zai yiwu shi ba ne, to wani ne ke shigarsa. Amma wanda ke son ɗaura wa mutum laifi zai tura mai kama da shi, a ranar da ba shi da mai shaidar inda yake. Ba zai tura gajere ya tuƙa mota da sunan dogon da bai iya tuƙi ba. Gaskiya ne masu ƙulla makirci su ma sukan yi wauta. Sai dai akwai bayani mafi sauƙi, kuma an ga misalinsa da ido. Cikin wani shahararren hoto da aka ɗauka daidai lokacin harbin, ga wani a ƙofar siton littattafan, kai ka rantse Oswald ne. In shi ne kuwa, ba shi ke hawa na shida ba. Ashe Billy Lovelady ne, abokin aikinsa a gida ɗaya. Shi da kansa ya faɗa, waɗanda ke tsaye tare da shi suka tabbatar, masana kuma suka sake tabbatarwa daga baya. Haka nan Ruby na da wani yaron aiki, Larry Crafard, wanda hukuma ta ga alama shi wasu suka gani suka ce sun ga Oswald a gidan rawar. Ga masu kama biyu ke nan a gari ɗaya, ba wanda ya turo su.

Ana kuma yawan kawo wasiƙar da shugaban FBI, Edgar Hoover, ya aika wa Ma'aikatar Harkokin Waje ran 3 ga Yuni 1960, inda ya ce mai yiwuwa wani na amfani da takardar haihuwar Oswald. Wasiƙar gaskiya ce. Dalilinta shi ne uwar Oswald ta gaya wa FBI ɗanta ya tafi da takardar, kuma ta daina jin ɗuriyarsa. Tsoron abin da kan iya faruwa ne, babu rahoton an ga wani.

Biyun Da Suka Ƙi Narkewa

Da a nan zancen ya tsaya da an huta. Amma akwai Misis Sylvia Odio, 'yar gudun hijira daga Kuba, wadda mahaifinta ke kurkukun Castro. Ta ce a ƙarshen Satumba 1963 wasu mutum 3 suka zo gidanta a Dallas da dare suna neman taimako don yaƙar Castro. Biyu masu jin Sifaniyanci ne, suka ba da sunayen yaƙi, Leopoldo da Angelo, na ukun Ba'amurke ne da aka gabatar mata da sunan Leon Oswald. Daga baya Leopoldo ya bugo mata waya ya ce Ba'amurken nan tsohon soja ne, gwanin harbi, ɗan taɓaɓɓe, wanda ke cewa mutanen Kuba ba su da zuciya, da sun kashe Kennedy tun bayan da ya yashe su a harin 1961. Ranar kisan ta suma a wurin aiki. Da ita da ƙanwarta Annie, wadda ta buɗe wa baƙin ƙofa, suka ga Oswald a telebijin suka ce shi ne.

Nan ma telebijin ta riga ta shiga tsakani, don haka fuskar kaɗai ba hujja ba ce. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne ba ta nemi kowa ba, tsoro ya sa ta yi shiru, ta bakin wata ƙawarta labarin ya kai ga FBI. Likitan da ke duba ta ya ce ta ba shi labarin baƙin tun kafin kisan, akwai kuma amsar wasiƙa daga mahaifinta cikin Disamba 1963 yana gargaɗinta a kansu. Hukumar Warren ta ce ba Oswald ba ne, domin a lissafinta yana kan hanyar Meksiko: ya bar New Orleans wajen 25 ga wata, ya shiga bas a Houston da tsakar dare, ya ƙetare iyaka ran 26. Ana saura 'yan kwanaki a rufe rahoto, ran 16 ga Satumba 1964, sai FBI ta samo wani Loran Hall da ya ce ai su ne suka je, shi da abokansa biyu, ɗayansu na kama da Oswald. Cikin kwanaki kaɗan abokan suka ƙaryata, Hall ya janye maganarsa, Odio ta dubi hotunansu ta ce ba su ba ne. Rahoton ya fito da labarin Hall a cikinsa, tare da cewa bincike bai ƙare ba. Kwamitin Majalisar Wakilai da ya sake duba al'amarin ya ce cikin 1979 ya karkata ga gaskata ta. Ko ta wace fuska aka duba akwai nauyi: in Oswald ne, to yana da abokan tafiya da suka kai shi a mota, ba kaɗaitaccen da aka siffanta ba, in kuwa ba shi ba ne, to wani ya haɗa sunansa da kashe Kennedy wata biyu kafin a yi. Hukumar da ta karɓi Markham ba ta da bakin ƙin Odio.

Na biyu shi ne Meksiko. Cewa Oswald ya je birnin daga 27 ga Satumba zuwa 2 ga Oktoba, wannan ya tabbata. Wasu mata biyu 'yan Ostareliya da wani likita Bature da matarsa sun yi hira da shi cikin bas, ga sa hannunsa a littafin otal, ga takardar neman biza da hotonsa da sa hannunsa a ofishin jakadancin Kuba, ga wasiƙar da ya rubuta wa ofishin jakadancin Rasha a Washington ran 9 ga Nuwamba yana ba da labarin tafiyar. Ƙaramin jakadan Kuba, Eusebio Azcue, wanda suka yi cacar baki da shi, ya ce cikin 1978 mutumin da ya gani ya fi Oswald shekaru, ba shi ba ne. Amma abokin aikinsa Alfredo Mirabal ya ce shi ne, haka ma Oleg Nechiporenko na ofishin Rasha a littafinsa na 1993. Tunanin shekara 15 ba ya kayar da sa hannu.

Wayar tarho ce matsalar. CIA na satar sauraron wayoyin ofishin Rasha. Ran Asabar 28 ga Satumba, da kuma ran 1 ga Oktoba, wani ya yi magana da Rashanci mai muni ƙwarai, a karo na biyu ya ce sunansa Lee Oswald. Shi kuwa Oswald ya fi shekara biyu da rabi a Rasha, da Rashanci yake magana da matarsa a gida, har ita da farkon haɗuwarsu ta zaci mutumin yankin Baltik ne. Ma'aikaciyar ofishin Kuba, Silvia Duran, wadda aka ce ita ta haɗa wayar Asabar, ta ce Oswald bai komo ba bayan Jumma'a. Hoton da CIA ta danganta da mai wayar kuwa na wani ƙaƙƙarfan mutum ne ɗan kimanin shekara 35, wanda bai yi kama da Oswald ko kaɗan ba. Washegarin kisan Hoover ya gaya wa Johnson a waya cewa murya da hoton ba su dace da wanda ke tsare ba. Daga baya aka ce an goge faifan tun kafin kisan bisa al'adar ofis, ma'aikatan FBI na Dallas kuma suka ce ba su saurari kome ba. Ana iya cewa hoton kuskuren ofis ne, an ɗauki wani baƙo aka liƙa masa suna. Ana iya cewa 'yan leƙen asiri ne suka ari sunansa a waya don su ji abin da Rashawa za su ce, wanda ba daidai yake da shirya kisa ba. Ko wanne ne, a nan kaɗai zancen sojan gona ya sami takarda a bayansa, kuma waɗanda ke da amsar sun zaɓi su yi gum.

Wannan gum ɗin shi ne takin jita-jita. Oswald ya bar wa wani ma'aikacin FBI, James Hosty, 'yar wasiƙa a ofishinsu na Dallas kafin kisan. Bayan mutuwarsa aka umarci Hosty ya hallaka ta, ya yayyaga ya zuba a masai, ba a sani ba sai 1975. CIA ba ta gaya wa hukumar Warren shirye-shiryenta na kashe Castro ba, ga shi tsohon shugabanta Allen Dulles na zaune cikin hukumar. Cikin 1978 ta naɗa George Joannides ya zama mai haɗa ta da kwamitin Majalisa, ba ta faɗi cewa shi ne a 1963 ke kula da ƙungiyar ɗaliban Kuba da ta yi rigima da Oswald a New Orleans ba. Mai yiwuwa ne kowa na rufe sakacinsa ne kawai, kuma dubun-dubatar shafukan da aka saki cikin Maris 2025 ba su fito da wani maharbi ba. Amma gwamnatin da aka kama tana ɓoye ƙaramin abu ta sayar da haƙƙinta na a gaskata ta a babba. Nijeriya ma ta ɗanɗana: rufa-rufar da aka yi kan jiyyar marigayi Shugaba Buhari a London cikin 2017 ita ta ba da filin da tatsuniyar Jubril na Sudan ta yi rawa, har sai da ya fito a Poland cikin Disamba 2018 yana cewa shi ne ba wani ba.

In aka kawar da idanun shaidu duka, na hukuma da na masu suka, abin da ya rage a kan tebur bai yi wa Oswald daɗi ba. Bindigar da aka samu a hawa na shida ƙirar Italiya ce, an yi odarta daga wani kanti a Chicago cikin Maris 1963 a kan dala 21.45, aka aika akwatin gidan waya mai lamba 2915 a Dallas, wanda Oswald ya kama haya. Rubutun takardar odar nasa ne. Akwai shatin tafin hannunsa a jikin bindigar, akwai hotonsa riƙe da ita wanda Marina ta ce ita ta ɗauka. Kwanson harsashin da aka tsinta inda Tippit ya faɗi daga libarbar da aka kama shi da ita suka fito. Sunan da ya sa a takardar odar kuwa shi ne A. Hidell, kuma an sami katin jabu mai wannan suna da hotonsa a aljihunsa. Watau wannan sunan aro da aka tabbatar ba tare da gardama ba cikin wannan al'amari, Oswald ne da kansa ya ara. Wannan bai amsa tambayar ko wani ya san nufinsa ko ya zuga shi ba, kuma a nan ne Odio da wayar Meksiko ke da muhimmanci. Amma ya rufe ƙofar cewa wani ne ya yi, aka kama mai kama da shi.

Su masu Oswald biyu ba su karaya ba. Bayan tonon 1981 mai gyaran gawar da ya binne shi ya ce ƙoƙon kan da ya gani ba shi da tsagar da likitoci suka yi a 1963, wai an musanya kan. Rahoton Dokta Norton da aka buga cikin 1984 ya ambaci tsagar a fili. Cikin 2003 kuma John Armstrong ya fid da littafi mai kusan shafi 1,000, ya ce tun suna yara aka reno su biyu, Harvey mai jin Rashanci da Lee haifaffen Amurka, kowanne da tasa uwar mai suna Marguerite. A lissafinsa Harvey ne ya je Rasha, shi Ruby ya harbe, shi aka binne a Rose Hill. Yaron da aka yi wa tiyatar kunne a Fort Worth cikin 1946 kuwa Lee ne, kuma gurbin tiyatar nan shi likitoci suka tarar a bayan kunnen hagu na gawar da aka tono.